Tambayoyinku kan fasaha: Solar shagona za ta iya ɗaukar injin haƙar Bitcoin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ina wani ƙauye ne kusa da Gumel, ina da shagon cajin waya. Ina da faifan sola huɗu masu wat 300 kowanne, da batir biyu, da inbata 1.5kVA. Wani abokina a Kano ya ce zai haɗa ni da injin mainin, wato na haƙar kuɗin intanet na Bitcoin, mai suna Antminer S19 Pro, na hannu a farashi mai sauƙi. Shin solar tawa za ta ɗauke shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba za ta ɗauka ba, ko kusa. Amma bari mu yi lissafin tare, don ko gobe wani ya sake zuwa maka da wani injin, ka iya auna shi da kanka.

Antminer S19 Pro na kamfanin Bitmain yana jan wat 3,250. Kwatanta shi da dutsen guga na lantarki uku ka jona su lokaci guda, ka bar su a kunne ba dare ba rana, domin shi wannan injin ba ya hutawa. A awa 24 zai sha yunit 78 (yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda), a wata kuma yunit 2,340. Faifanka huɗu idan aka haɗa wat 1,200 ne. A yankinmu rana mai ƙarfi da faifai ke amfana da ita ba ta wuce awa biyar zuwa shida, sannan zafi da ƙura da wayar wuta da batir kowa zai ci nasa kason. Abin da zai rage maka bai wuce yunit biyar ba a wuni. Ka ga ke nan duk abin da ka tara tun safe har magariba, injin zai lashe shi cikin awa ɗaya da rabi. Wannan ma in inbatar ta yarda ne, don 1.5kVA kana jonawa za ta yi ƙara ta ɗauke.

In kuwa ka ce lallai da sola za ka riƙe shi, to kana bukatar manyan faifai masu wat 550 kimanin 35, da inbata wadda ba ta gaza 5kVA ba. Inda gizo ke saƙar shi ne dare. Daga faɗuwar rana zuwa hantsi sai ka tanadi wajen yunit 50 a batir, wato batiran litiyam masu yunit biyar-biyar guda goma ko fiye. Je ka tambayi kuɗin guda ɗaya a kasuwar Sabon Gari, ka ninka sau goma, sannan ka dawo mu yi maganar arhar injin.

Janareto fa? Ɗan ƙaramin nan da ake kunna fanka da talabijin bai ma shiga lissafi ba. Wanda zai iya ɗauka zai riƙa shan fetur lita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace awa, wajen lita 40 ke nan a kwana guda, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Ko mutumin birni da ke kan layin Band A, wanda aka ware wa wuta ta aƙalla awa 20 a rana, bai tsira ba. Tun Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ƙara musu kuɗi, yunit ɗaya ya haura naira 200. Yunit 78 ya kama sama da naira 15,600 kullum. A wannan watan dai na Afrilun 2024 aka rage ladar haƙar Bitcoin da rabi, daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125 a kowane bulo, wato kowane rukunin ciniki da injinan haƙa suka tabbatar ta hanyar lissafi, kuma tun daga lokacin abin da S19 Pro ke kawowa a rana ba ya biyan irin wannan kuɗin wuta. Dalilin da ya sa ake zubar da su da arha ke nan. Ban ce abokinka cutar ka zai yi ba, wataƙila shi ma bai zauna ya yi lissafin ba.

Shawarata, kuɗin da ka ware ka ƙara faifai da batir, ka sa firiza mai sola a shagon. Firiza ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma na wutar wannan injin, kuma kai ka fi ni sanin yadda ƙanƙara da ruwan sanyi ke tafiya a ƙauye lokacin bazara da azumi.

Tambaya: Malam, muna kusa da Bichi, muna samun wuta ba laifi. In na sayi injin, a soket ɗin ɗakina zan jona kawai?

Amsa: Kul! Soket ɗinmu mai ƙafa uku amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, injin kuwa a kan bolt 230 yana jan sama da amfiya 14, ba tsayawa. Na taɓa zuwa duba wa wani irin wannan aika-aika: soket ɗin ya yi baƙi ƙirin, roba ta narke ta manne da filogi, ɗakin sai warin ƙonanniyar waya, ga katifa a jingine kusa da wurin. Allah ne kawai ya kiyaye. Sai mai aikin wuta ya ja masa layinsa daban tun daga allon rarraba wuta, da waya mai kauri ta tagulla zalla, da makatsin wuta nasa shi kaɗai, da wayar ƙasa.

Sannan ka auna wutar taku da daddare. Injin yana son bolt 200 zuwa 240. Inda gidaje suka yi wa tiransifoma yawa, wuta kan sauko ƙasa da haka, ka ga ƙwan lantarki ya yi ja kamar fitilar aci-balbal. A irin wannan hali injin zai yi ta mutuwa yana tashi.

Kada kuma ka manta duk wutar da ya sha zafi take komawa. An ƙera shi ya yi aiki a wurin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu ko a inuwa mukan haura haka. Da hunturu kuma ƙura ce za ta toshe masa fankoki. Ƙararsa kamar ta injin markaɗe ce, sai dai shi mai markaɗe yakan tashi ya tafi gida.

Tambaya: To mainin ɗin da muke yi a waya fa, me ya sa ba ya cin wuta haka?

Amsa: Saboda ba haƙa ba ce, ƙanwata. Irin su Hamster Kombat da suka tashi kan matasa a 2024, danne-danne ne kawai da masu manhajar ke saka wa maki, wayarki ba wani lissafin haƙa take yi ba. Abin da kike kashewa shi ne data da caji da lokacinki. In kuma wata manhaja ta ce ki tura kuɗi ta kama miki hayar injin a wata ƙasa, ana turo miki riba kullum, to ki riƙe kuɗinki ki goge ta daga wayar.