Tambaya da Amsa: Wai kemistiri na awo latsa na'ura ne kawai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina ajin ƙarshe a digirin kemistiri, wani lakcaranmu ya mana bayanin yadda ake haska sinadari a gane abin da ke cikinsa, tun ranar abin ya shiga raina. Amma ƙawayena na cewa ɓangaren awo ba bincike bane, zaman latsa na'ura ne kawai. Haka ne? Kuma me zan fara koya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya ba haka bane, bari in baki misali ɗaya. Yawancin magungunan antibodi (furotin irin wanda garkuwar jiki ke yaƙar cuta da shi) ana yinsu ne da ƙwayoyin halitta da ake kira CHO, ana kiwonsu a tanki wajen sati biyu suna cin gulukos suna fitar da laktet. Da sai a ɗebi samfur sau ɗaya ko biyu a rana a kai lab, kafin sakamako ya dawo abin da ke tankin ya riga ya canja. Yanzu sandar Raman ake zurawa cikin tankin, leza mai 785 nm tana haskawa ana karantawa duk bayan 'yan mintuna ba a buɗe komai ba. Sandar na auna yadda hasken ke canjawa ne in ya bugi sinadari, C.V. Raman ne ya gano wannan a Indiya a 1928 har ya samu Nobel a 1930, kuma daɗinta ruwa baya rufe mata ido kamar yadda yake wa infirared. Tun da hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da jagorar PAT (wato auna magani tun ana cikin haɗa shi) a 2004 kamfanonin magani suka ƙara zuba ƙarfi a nan.

To inda binciken yake, na'urar fa bata ce miki ga gulukos kaza, layuka take baki a cakuɗe, ke zaki gina lissafi irin su PLS (dabarar ƙididdiga mai fassara layukan zuwa adadi) ki gwada da awon lab kamar HPLC (na'urar da ke raba sinadarai ta auna kowanne) har su daidaita, kuma da an canja abincin ƙwayoyin ko girman tanki lissafin na iya kaucewa sai kin gano dalili. Ni wannan wurin ne yafi burgeni wallahi.

Dan haka ki rungumi ƙididdiga da aljebra tun yanzu, ki fara koyon yaren kwamfuta na Python, kuma ki gyara hannunki wajen awo dan in awon lab ɗinki ya karkace lissafin ma haka zai bi. In zaki nemi mastas ko dakta, ki tambayi malamin da zai duba aikinki ko ɗalibansa na samun taɓa tanki na gaske kafin ki amsa.