Gahawa biyu daga ƙasa ɗaya, ɗanɗano daban: daga ina bambancin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sha gahawa iri biyu, duka daga Habasha. Ɗaya tana da zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, ɗayar kuma tsami-tsami ce, ba nauyi a baki. Me ya kawo haka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Galibi bambancin yana samuwa ne tun kafin a kai ga suya, a 'yan makonnin da ke biye da girbi.

Ƙwayar gahawa tana cikin ɗan itace ne wanda yake yin ja idan ya nuna. Yana da ɓawo, da tsoka, da wani yauƙi mai sukari da ke manne da ƙwayar. Yadda aka raba ta da wannan yauƙi shi ke sauya ɗanɗano.

Tsohuwar hanya, wadda ake bi har yau a Yaman da Birazil da sassan Habasha, ita ce a shanya 'ya'yan yadda aka tsinko su, mako 2 zuwa 4. A wannan lokaci yisti da bakteriya suna cin sukarin, abin yana tsima a hankali, ƙwayar tana ɗaukar ƙamshi. Ina kyautata zaton gahawarka ta farko ke nan. Aikin yana son haƙuri ƙwarai: a baza su ba kauri, a riƙa juyawa, a rufe su idan hadari ya haɗu ko raɓa za ta sauka. Sakaci kaɗan sai fumfuna ta kama, kuma babu gwanin suyar da zai iya fitar da wannan wari. Shi ya sa nake girmama masu shanya matuƙa, ko da yake ba a cika ambatonsu ba.

Ta biyun kuwa wankakkiya ce. Inji yana cire ɓawo da tsoka a ranar girbi, a bar ƙwayar a kwarmin tsimawa kamar awa 12 zuwa 36 har yauƙin ya saki, a wanke, sannan a shanya. Ɗanɗanon yana fita tas, tsaminsa a bayyane. Kenya da Kolombiya sun yi suna a wannan hanya. A Kosta Rika kuma akan bi tsakiya: a cire ɓawo, a shanya da yauƙin a jiki.

Kowace hanya aka bi, sai danshin ƙwayar ya sauko zuwa kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari kafin a adana ta. Duba jikin ƙunshin gahawarka, masu sayarwa da dama suna rubuta hanyar da aka bi.