Tuƙi kai kaɗai zuwa arewa a ƙarshen hunturu

Ɗan'uwa, ka ce ko mutum ɗaya zai iya wannan doguwar tafiya da mota zuwa arewa, a ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba? Zai iya, amma banda tuƙin dare. Ƙarshen hunturu mayaudari ne: da rana dusar ƙanƙara ta narke, da dare ruwan ya daskare bisa kwalta. Sai ka ga titi baƙi wuluk kamar jiƙewa kawai ya yi, alhali santsi ne. Gada ke fara daskarewa, don iska na ratsa ƙarƙashinta.

Sa tayoyin da aka ƙera don lokacin sanyi, na yau da kullum robarsu kan taurare ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius. Kada mai ya gaza rabin tanki. In ka maƙale a dusar ƙanƙara, share ta daga bakin salansa kafin ka tada inji, don hayaƙin in ya dawo cikin mota kisa yake.