Amsa: Shin Cold Fish labarin gaskiya ne?

Malam, ka tambaya ko fim ɗin Cold Fish na darakta Sion Sono, wanda ya fito a 2010, abin da ya faru ne da gaske. E, tushensa gaskiya ne, amma an yi masa ƙari sosai. A 1993, a yankin Saitama na Japan, wani mai kiwon karnuka yana sayarwa, Gen Sekine, ya kashe mutum 4 da guba, uku daga cikinsu tare da tsohuwar matarsa Hiroko Kazama. Suka daddatsa gawarwakin, suka ƙone ƙasusuwan, suka watsar a rafi da daji don kada a samu shaida. An kama su a 1995, kotu ta yanke musu hukuncin kisa, Sekine kuma ya mutu a tsare a 2017 kafin a zartar.

Sai dai kada ka ɗauki fim ɗin a matsayin tarihi. Sono ya mayar da karnukan kifin ado, ya canza sunaye, ƙarshen labarin ma ƙirƙirarsa ce. Abin da ya riƙe daga gaskiya shi ne yadda mai kisan ke tsorata na kusa da shi har ya taya shi ɓoye gawa, kuma a nan ne fim ɗin ya fi tayar min da hankali, fiye da jinin da ake nunawa. Kada ka kalle shi da yara a ɗaki, domin wurin yankan gawa a banɗaki ba a ɓoye komai ba.