Gyare-gyaren Amurka da wariyar baƙar fata: abin da na gani a Shikago

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayar da ka ajiye jiya, cewa ta yaya a tsakanin 1890 da 1920, lokacin da masana'antun Amurka suka bunƙasa ana ta gyaran dokokin ma'aikata da na abinci da na zaɓe, a daidai lokacin ne kuma wariyar launin fata ta kafu. Har ka ce ko masu gyaran mantawa suka yi da baƙar fata. Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙin tasi a Shikago, garin da rabin labarin nan ya faru a titunansa, kuma abin da na fahimta shi ne ba mantuwa ba ce. Da yawansu, ita kanta wariyar gyara suka ɗauke ta.

Gyaran dai an yi shi, ba ƙarya. A titin Halsted har yau akwai gidan Hull House da Jane Addams ta buɗe a 1889 don talakawan da suka yi ƙaura daga Turai. Na taɓa ajiye mota na shiga, yanzu gidan tarihi ne. Ƙazantar mayankun garin nan ce ta sa aka yi dokar duba nama da ta tsaftar abinci da magani a 1906. Gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle a New York, wadda ta ci mutum 146 a 1911, yawancinsu 'yan mata, ita ta tilasta dokokin kare ma'aikata a jihar. A 1913 talaka ya samu damar zaɓen sanatansa da kansa, a 1920 mata suka samu ƙuri'a.

To amma duba zaɓen da kyau, don a nan gizo yake saƙar. Masu gyara sun ce zaɓe ya lalace da sayen ƙuri'a da maguɗi, dole a tsaftace shi. A jihohin Kudu sai aka ce ai dattin shi ne ƙuri'ar baƙar fata. Misisipi ta fara a 1890 da harajin zaɓe na dala 2 da jarrabawar karatu, inda ma'aikacin rajista ke yanke wanda ya ci da wanda ya faɗi. Luwiziyana ta biyo a 1898 da wata dabara: in kakanka ko ubanka yana da damar zaɓe kafin 1867, an yafe maka jarrabawar. Wane baƙi ne kakansa ke zaɓe alhali yana cikin bauta? A 1896 baƙar fata sama da 130,000 ne ke cikin rajistar jihar, zuwa 1904 saura 1,342. Hatta zaɓen fid da gwani, da aka kawo don ƙwace iko daga hannun iyayen gidan jam'iyya, a Kudu sai aka mai da shi na farare zalla. Gwamnan Jojiya Hoke Smith ya matsa wa kamfanonin jirgin ƙasa, a zamaninsa aka daina ba da hayar fursunoni ga 'yan kasuwa, kuma shi ne ya jagoranci toshe ƙuri'ar baƙar fata a 1908. Mutum ɗaya, wa'adi ɗaya, kuma magoya bayansa ba su ga wani saɓani a ciki ba.

Akwai wata dattijuwa da nake kaiwa wankin ƙoda sau uku a mako, kusan shekara biyu. Wata rana a watan zaɓe ta buɗe jakarta ta fito da wata 'yar takarda da ta yi ruwan ƙasa, an lulluɓe ta da leda. Rasit ne na harajin zaɓe da mahaifinta ya biya a Misisipi. Ta ce ya biya, ya je rajista, aka ba shi wani sashe na kundin tsarin mulki ya yi bayaninsa, aka ce bai ci ba. Shekara ta zagayo ya sake biya. Hannunta na rawa ta mayar da takardar, ta ce in tsaya da ita a rumfar zaɓe kafin asibiti. Wallahi ranar ban iya karɓar kuɗinta ba.

Kotu ma ta sa albarka. A 1896, a shari'ar Homer Plessy da aka kama don ya zauna a taragon farare a New Orleans, Kotun Ƙoli ta ce raba jinsi halal ne muddin an ba kowa daidai. Alƙali ɗaya tak, John Marshall Harlan, ya ƙi yarda. Shugaba Woodrow Wilson kuwa, wanda ake yabo da gyaran banki da haraji, a mulkinsa daga 1913 aka raba ma'aikatan gwamnatin tarayya a gidan waya da baitulmali, har wurin cin abinci da bayan gida. Da ɗan jarida baƙar fata William Monroe Trotter ya je ya ƙalubalance shi a 1914, Wilson cewa ya yi rabuwar don guje wa rikici ce. Irin hujjar da Turawan mulki suka kafa a ƙasarmu ke nan, da suka ware unguwanninsu da sunan gudun sauro.

Ban ce duka haka suke ba. Addams tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata a 1909 tare da W. E. B. Du Bois da Ida B. Wells. Amma ka ji abin da ya samu ita Wells ɗin, matar da ta bar Memphis a 1892 bayan an kashe abokanta uku, ta ƙarar da rayuwarta tana fallasa kisan gilla. A jerin gwanon neman ƙuri'ar mata a Washington a 1913, 'yan uwanta masu gyara suka ce ta koma sahun baya, kada matan Kudu su ji haushi. Ta ƙi. Ta tsaya cikin 'yan kallo, da tawagar jiharta Illinois, inda Shikago take, ta iso sai ta shige tsakiyarsu. A 2019 aka sa wa wani babban titi a tsakiyar Shikago sunanta, kullum sai na bi shi.

Kada kuma ka ɗauka abin na Kudu ne kawai. Ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa da ta yi yajin aikin kamfanin taragai na Pullman a nan a 1894 ba ta karɓar baƙar fata. Masu masana'antu kan ɗauko baƙar fata su karya yajin aiki, gaba ta ƙaru tsakanin talaka da talaka. Baƙar fatar Shikago sun tashi daga kusan 44,000 a 1910 zuwa kusan 109,000 a 1920, aka cushe su a siririn yanki ɗaya a kudancin gari. Ranar 27 ga Yuli 1919, wani yaro mai shekara 17, Eugene Williams, yana wanka a tafkin Michigan ruwa ya ja shi ɓangaren da farare suka ɗauka nasu ne, wajen titi na 29. Aka yi ta jifa, ya nutse. Rikicin da ya biyo baya ya ci mutum 38, baƙi 23, farare 15.

A wancan rikicin titin Wentworth ne iyaka, baƙin da ya tsallaka yamma ya sayar da ransa. Yau babbar hanyar Dan Ryan ce ke kwance a gefensa. In na ɗauko fasinja daga Bronzeville, unguwar baƙar fata, zuwa Bridgeport da ke yamma da hanyar, tafiyar ba ta kai minti biyar ba, amma da na haye gadar nan fuskokin da ke bakin titi sai su canja. Dattijuwar nan, in muka zo wurin, shiru take yi sai mun wuce.