Ya Gina Shaguna Wuri Biyu da Zanena, Ya Hana Ni Cikon Kuɗina

Wani mai karatu daga ƙasar Rano ya rubuto: "Barista, ina da babbar difloma a fannin zanen gine-gine, na buɗe ɗan ofis a garinmu, ni da yara biyu. Wani Alhaji ya sa na zana masa jerin shaguna takwas da bene a sama. Muka yi ciniki a kan naira dubu 450, ya ba ni kafin alƙalami dubu 150. Ba mu rubuta komai ba, sai maganganun WhatsApp. Na tura masa zanen, birkilansa suka gina, sannan ya ɗauki zanen nan ya sake gina irinsa a wata kasuwa. Yanzu in na kira sai ya ce ai takarda ce kawai. Ban yi rajista da ARCON ba tukuna, amma a allon ofishina an sa 'Arc.' gaban sunana. Wajen 'yan sanda zan kai shi ko kotu?"

Malam, Allah ya ba ka haƙuri. An ci guminka, wannan ba ja a ciki. Amma kafin mu zo kan Alhaji, bari in fara da jimlarka ta kusa da ƙarshe, domin ita ce lauyansa zai fara kamawa ranar da kuka tsaya gaban alƙali.

Dokar da ta kafa hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta ƙasa, wato ARCON, ta samo asali ne daga dokar soja mai lamba 10 ta 1969, kuma yau tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na A19. Sashenta na farko bai tsaya kan laƙabi kaɗai ba. Ya hana wanda ba shi da rajista ya shirya zanen gini ko ya ɗauki cikakken alhakinsa, ya kuma hana shi yin kasuwanci da sunan akitek, wato mai zanen gine-gine, laƙabin da "Arc." ɗin allonka yake nufi. Na san yadda abin yake a karkara: daga Rano zuwa Kibiya da Bunkure, mai son gini ba ya tambayar lambar rajista, wanda ya iya kwamfuta ya fitar da zane mai kyau shi ake nema, kuma sau da yawa irinku ne ke hana mutane gina ɗaki ba taga. Amma doka ba ta ware ƙauye ba. Ƙa'ida ce sananniya cewa kotu ba ta tilasta cika yarjejeniyar da doka ta haramta. Ban ce lallai haka alƙali zai yanke a shari'arka ba, amma ƙofa ce a buɗe, kuma ƙarar da ka shigar da hannunka tana iya zama hujjar da za a kai wa ARCON a kanka. Kada garin neman gira a rasa ido. Ka sauke "Arc." ɗin nan daga allo, daga rasit, daga shafinka na Facebook, tun kafin ka aika wa Alhaji ko da layi ɗaya.

Batun 'yan sanda kuwa ka cire shi a ranka. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya. In ka sa aka tsare shi, yana iya juyowa ya yi ƙararka kan take masa haƙƙi, kuɗin da za a ce ka biya ya fi wanda kake bi.

Yanzu ga abin da ke hannunka, kuma ba kaɗan ba ne. Ciniki na baka ciniki ne. Rashin takarda wahalar hujja yake jawowa, ba ya rushe alkawari. Alat ɗin dubu 150 da ya turo, saƙon da ya ce "to na yarda da farashin", ranar da ka tura zanen, muryar da ya naɗo yana cewa a faɗaɗa matakala, duk hujjoji ne, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar irinsu in an cika sharuɗɗansa. Kada ka sayar da wayar nan, kada ka goge komai. Ka je banki ka karɓo takardar shige da ficen asusunka mai hatimi. Ka ɗauki hoton gine-ginen biyu. Ka tuna wa da wa ke zaune lokacin da aka yi cinikin.

Tun da ku biyun Musulmi ne, kotun shari'ar Musulunci ta yankinku tana iya sauraron maganar cikon kuɗin a matsayin ijara, wato cinikin aiki da lada. A can hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, don haka shaidunka su ne jarinka. Akwai kuma kotun ƙananan basussuka da Jihar Kano ta buɗe a 2019 a ƙarƙashin kotunan majistare, wadda aka faro da iyakar naira miliyan 5. Ba sai da lauya ba, amma sai ka fara aika takardar neman biya. Ko wacce ka zaɓa, kada ka bar maganar ta kwana shekaru, domin ƙarar bashi a kotunan majistare da babbar kotu tana da wa'adi.

Gini na biyu magana ce daban, kuma a nan Alhaji ya yi kuskure babba da ya ce takarda ce kawai. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta lissafa zanen gini cikin ayyukan fasaha da take karewa. Haƙƙin na wanda ya zana ne tun daga ranar da ya zana, ba sai ya yi rajistarsa a ko'ina ba, kuma ba ya komawa hannun wani sai da rubutacciyar yarjejeniya. Wanda ya biya kuɗin zane izinin gina wancan ginin a wancan filin ya saya. Ɗaukar zanen a kai wata kasuwa a sake ginawa, ba tare da yardarka ba, shiga haƙƙinka ne. Sai dai ka san abu biyu. Ƙarar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya kaɗai ake shigar da ita, kamar yadda sashe na 251 na tsarin mulki ya tanada, ke nan sai ka riƙa zuwa birnin Kano da lauya. Sannan kotu ba za ta ce a rushe ginin ko a hana ƙarasa shi ba, diyya kawai za ka nema. In ka haɗa kuɗin lauya da na mota da ranakun da ofis zai zauna a rufe, da wuya riba ta fito, ga kuma matsalar rajistar nan tana biye da kai har can.

Shi ya sa a ganina sulhu ne hanyarka ta farko, ba don kai ne mai laifi tsakaninku ba, sai don a nan ƙarfinka ya fi fitowa. Ka sa lauya ya rubuta masa takarda mai ladabi, ta faɗi cikon dubu 300, ta faɗi abin da kake nema kan gini na biyu, ta ba shi mako biyu. In bai motsa ba, ka kai maganar gaban dagaci ko hakimi, ko limamin da yake jin nauyinsa. Mutumin da ke karɓar kuɗin haya a shaguna goma sha shida ba zai so a ce a fada ya hana yaro ladan aikinsa ba. Duk abin da aka cimma a rubuta, shaidu su sa hannu, a sa ranar biya. In kuna son sulhun da kotu za ta iya tabbatarwa, akwai cibiyar sulhu ta babbar kotun Jihar Kano.

Game da ofishinka, rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba lasisin zanen gini ba ce, mutane da yawa suna haɗa su. Abin da zai tsare ka shi ne ka yi aiki a ƙarƙashin akitek mai rajista wanda zai duba zanen da gaske ya ɗauki alhakinsa, kai kuma kana neman hanyar ƙaro karatu da jarrabawar da za ta kai ka ga taka rajistar. Jami'ar Bayero da ta Wudil duk suna da sashen zanen gine-gine, ba nisa. Ban ce ka je aron hatimi ba, wato a ba wani 'yan kuɗi ya buga sitamfi a kan zanen da bai ko buɗe ba. Wannan yana jefa ku biyun cikin matsala. Daga yau kuma ko ɗaki biyu za ka zana, a rubuta shafi ɗaya: wane fili, nawa ne, yaushe za a biya, gyara sau nawa, da cewa zanen na wannan filin ne kaɗai. Cikakken zane mai awo ba ya fita sai an cika kuɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne benen. Ba ka ce injiniya mai rajista da COREN, wato hukumar kula da aikin injiniyoyi, ya yi lissafin rodi da ginshiƙai da dakin kankaren benen ba. An kuma ɗauki zanen da aka yi don wani fili an dasa a wata ƙasa da ba wanda ya duba ƙarfinta, wataƙila ma kusa da fadama ce. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, sunanka ne a ƙasan takardar. Don haka a cikin wasiƙar lauyan a sa sakin layi na musamman: ba da saninka aka yi gini na biyu ba, ba ka duba filin ba, ba ka sa ido a kan aikin ko ɗaya ba, kuma kana shawartar a kawo injiniya ya duba gine-ginen biyu kafin a zuba mutane a sama. Ka tabbata Alhaji ko wakilinsa ya sa hannu cewa ya karɓa, ka ajiye kwafinka.