Tseren injin yankan ciyawa: cire gwamna kawai ake yi?

Tambaya: Salamu alaikum. Ni mai gyaran janareta ne da injin ban-ruwa. Na ga bidiyon Turawa suna tsere a kan injin yankan ciyawa, irin wanda ake hawa, suna gudu kamar babur. Da na lura, injin bai bambanta sosai da waɗanda nake kwancewa kullum ba. Wani abokina ya ce gwamna, wato na'urar da ke hana juyin inji wuce iyaka, kawai suke cirewa. Haka ne? In ba haka ba, me suke taɓawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya kama wani gefe na maganar, sai dai gefen da ya kama shi ne mafi haɗari, kuma ba daga nan yawancin gudun yake zuwa ba.

A Ingila wasan ya kafu a 1973, a ƙauyen Wisborough Green da ke yankin Sussex ta Yamma, lokacin da wani ɗan Ailan mai suna Jim Gavin da abokansa suka nemi tseren da mai ƙaramin ƙarfi zai iya shiga. Ƙungiyar da suka kafa ta tsaya kan cewa ba kyautar kuɗi, ba kuma sauya cikin inji. Duk da haka injinansu kan kai kilomita 80 a awa, har suna yin tseren awa 12. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka sirrin yana wani wuri. Amurkawa ne, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1992, suka buɗe rukunonin da ake yi wa inji aiki sosai. A ƙasashen biyu, abin da ake fara cirewa shi ne wuƙar yankan.

Fuli ne sirrin, wato faifan da bel ke hawa kansa yana juya shi. Injin yankan ciyawa an yi shi ya yi tafiyar hawainiya, don haka fulin da ke jikin inji ƙarami ne, na akwatin giya kuma babba. A ce na inji inci 4 ne, na giya inci 8, abin yana tafiyar kilomita 10 a awa. Ka sa inci 6 a inji, inci 4 a giya, gudun ya ninka sau uku, ya koma 30, ba tare da ka taɓa komai a cikin injin ba. Abin da ka biya shi ne ƙarfin tashi: zai yi nauyi wajen fita daga kwana, bel ɗin kuma zai fara santsi. A nan ne ake komawa kan inji don neman ƙarin ƙarfi.

Gwamna kuwa ka san shi fiye da mutane da yawa. A janaretanka shi yake riƙe inji a juyi 3,000 a minti domin wutar ta tsaya daidai. A injin ciyawa, ko Briggs & Stratton ne ko Kohler ko Honda, ba ya barin juyin ya wuce wajen 3,600. Duk abin da ke cikin injin a kan wannan ma'auni aka ƙera shi. Nauyin da ke fizgar ƙarfen da ke juyawa ba ya hawa daidai da gudu, ya fi shi saurin hawa: daga 3,600 zuwa 5,400 ya ninka fiye da sau biyu, a 7,200 ya ninka sau huɗu. Filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da inji, wanda ya zo da injin zubi ne, ga maganaɗisu a jikinsa. Idan ya fashe a irin wannan gudu, gutsattsarinsa huda murfi suke yi su fita, kuma a irin waɗannan injinan matuƙi yana zaune daf da shi. Shi ya sa nake roƙonka, kada ka taɓa gwamna sai ka sa filawil na alminiyum wanda aka sassaƙa daga dunƙule guda domin babban juyi. Masu shirya tsere da dama a Amurka ba sa barin inji mara gwamna ya shiga fili ba tare da shi ba.

Na biyunsa kon-rod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa. Na taɓa riƙe bulok ɗin injin da aka cire wa gwamna aka bar masa kon-rod ɗinsa na asali. Ramin da ya yi a gefen bulok ɗin yatsuna uku suna shiga, ƙasan rod ɗin ya narke ya manne a karanshaf, baƙin mai ya wanke firam ɗin gaba ɗaya. Rod na asali alminiyum ne na zubi da ke gogar karanshaf kai tsaye; na tsere sassaƙaƙƙe ne, da beyarin a cikinsa.

Akwai wani tarko da ke kama ko ƙwararru. Ƙananan injinan nan da yawa ba su da famfon mai, watsa shi ake yi. A injinan Briggs da dama masu tsayayyen karanshaf, haƙorin da ke ɗauke da nauyin gwamna shi ne kuma mai watsa baƙin man. Ka zare shi gaba ɗaya, ka bar inji da ƙishirwa, ba da jimawa ba ya buga. Ka duba wane iri ne a hannunka kafin ka jefar da komai.

Idan ƙasan inji ya yi ƙwari, sai a hau sama. Sifirin na bawul na asali laushi gare shi. Juyi na yin yawa bawul ya daina rufewa a kan lokaci, ka ji inji yana shaƙewa ya ƙi ƙara gaba. Ana sa masu tauri kaɗan, ba masu taurin da za su cinye kamshaf ba. Kamshaf na tsere yana buɗe bawul sosai kuma ya daɗe a buɗe, amma silo, wato juyin inji a hankali ba a ba shi wuta ba, zai lalace, ƙarfinsa a ƙaramin juyi ya ragu. A filin ciyawa mai kwana da yawa ni na fi son matsakaici. Tazarar bawul kuma a auna ta da filagej, siraran ƙarafan auna tazara, inji yana sanyi. A irin Honda GX da ka saba da shi, milimita 0.15 ne na shigar iska, 0.20 na fitar hayaƙi.

Inda na fi so ka daɗe shi ne kafireto. Da zarar ka sa matatar iska mai faɗi, ka cire salansa ka sa buɗaɗɗen bututu, iska ta yi wa fetur yawa. Injin da iska ke sanyayawa ba ya jure wannan, zafi ne zai hau har ya ƙona bawul ko ya huda fistin. Sai ka ƙara girman babban jet, wato ƙaramar kafar da fetur ke bi a cikin kafireto, mataki ɗaya-ɗaya. Bayan kowane canji ka sa sabon filogi, ka ba inji wuta sosai da nauyi a kansa, ka kashe shi nan take ba tare da ya yi silo ba, ka zare filogin ka duba farin tangaran da ke bakinsa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Baƙi da kunkunniya, ya yi yawa. Launin shayi da madara kake nema. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta a takarda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, ana matsar da shi gaba da 'yan digiri ta hanyar sa ki mai karkata a filawil. Kwamfireshan ana ƙara shi da siririn gasket ko ɗan kankare tof, wato murfin saman silinda. A tsohon inji mai bawul a gefe, kankarewa da yawa tana toshe hanyar iska, har bawul ya daki tof. A manna ɗan yumɓu a kan bawul, a ɗaure, a juya da hannu, a buɗe a ga kaurin da ya rage.

Burkin da aka yi don kilomita 10 ba zai tsayar da 60 ba, sai an sauya shi, a sauke wurin zama ƙasa, a ɗaure sitiyari ya daina wasa. Kuma kafin gwajin farko a sa makashi mai igiya da ake ɗaurawa a jikin matuƙi, wanda zai kashe inji da zarar ya faɗo, tare da sifirin biyu masu mayar da totur, domin idan babu gwamna kuma totur ya maƙale a buɗe, babu wani abin da zai rage masa juyi.